Keken Ya Tsaya a Ƙofar Gida: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Gwamnan Jihar Kano

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kano, Injiniya Abba Kabir Yusuf, tare da sanar da Majalisar Dokokin Jiha, da Hukumar Tsara Birane ta KNUPDA, da Hukumar Gidaje ta Jihar Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata Mai Girma Gwamna yana lafiya, da iyali da jama'a. Allah ya taya riƙo, ya sa a sauke nauyin da aka ɗauka lafiya.

Ni Bakano ne, haifaffen cikin badala. Shan inna ta kama ni ina ɗan shekara uku, ban kuma sake taka ƙasa da ƙafata ba. Sana'ata gyaran waya, da ita nake ci da mata da 'ya'ya huɗu. Ina magana ne da yawun wata 'yar majalisa da muke zama duk Juma'a bayan la'asar. Ba ƙungiya ce mai rajista ba, ba mu da shugaba, ba mu da hatimi. Akwai guragu irina, akwai makafi, akwai kurman da sai a rubuce muke hira da shi, akwai tsohon direban da haɗarin mota ya taɓa masa laka. Matan cikinmu kuma sun aiko da nasu saƙon ta bakin iyalina. A takarda ana ce mana masu buƙata ta musamman, mun kuma gode da ladabin. Amma a wannan wasiƙa zan riƙa cewa gurgu da makaho da kurma, don haka muke kiran junanmu, kuma buƙatar kowanne daban take.

Ranka ya daɗe, duk shekara idan 3 ga Disamba ta zo, ranar da duniya ta ware domin irinmu, ana tara mu a babban ɗakin taro. A yi jawabai, a raba kekuna da sanduna da keken ɗinki, a ɗauki hoto. Ba na raina wannan. Wanda ya taɓa jan jiki a kan kwalta da tsakar ranar watan Afrilu ba zai raina keke ba. Sai dai ina so ka bi keken nan da ido bayan an watse, ka ga inda tafiyarsa take ƙarewa. A ƙofar gida take ƙarewa. Kekuna uku aka ba ni a tsawon rayuwata, Allah ya saka wa waɗanda suka bayar, amma babu ko ɗaya da ya taɓa ganin cikin ɗakina. A zaure nake ɗaure shi da sarƙa, in zura silifa a hannu, in ƙarasa da rarrafe. 'Ya'yana sai a waje suke ganina zaune a kan keke. A cikin gidana, inda ya kamata in fi ko'ina daraja, a ƙasa nake.

Abin da ya tayar da wasiƙar nan wani wa'adi ne da ya cika ya wuce, mu kuma muna nan inda muke. A watan Janairun 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Dokar ta ba da shekara 5 a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga yadda kowa zai iya shigarsu, wa'adin kuma ya ƙare a Janairun 2024. Ta ce a duba zanen duk wani ginin jama'a kafin a fara shi, har ta tanadi tarar aƙalla naira miliyan 1 ko ɗaurin shekara 2 ga jami'in da ya amince da zanen da ya saɓa ƙa'ida. Akwai kuma wani wuri a cikinta da ba a cika karantawa a wajen taro ba. Ta ce duk inda ake ba da masauki, ko makaranta ce ke ba ɗalibanta, ko ma'aikata ke ba ma'aikatanta, ko gwamnati ke ba jama'a, to a fara duba naƙasassu. Jiharmu ma tana da tata dokar, wadda aka sa wa hannu a ƙarshen 2018. Nijeriya kuwa tun 2010 ta tabbatar da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda sashenta na 28 ya ambaci sanya mu cikin shirin gidaje na gwamnati ƙarara. Ta fuskar takarda dai ba mu da abin kuka. Kukanmu na bulo da siminti ne.

Na ji daɗi da wasiƙar ta faɗo hannun injiniya, wanda kuma ya riƙe kwamishinan ayyuka da gidaje da sufuri daga 2011 zuwa 2015. Zan yi maganar awo ba sai na yi dogon bayani ba.

Mu fara da ƙofa. Duk wanda ya san Kano ya san dalilin da ya sa dokin ƙofarmu yake da tudu. Ruwan Agusta ne. Idan kwata ta cika, ko aka ɗaga titi ya fi gida tsawo, magidanci ba shi da dabarar da ta wuce ya kira birkila ya ƙara jerin bulo ɗaya ko biyu a bakin ƙofa, don kada ruwa ya kwashe masa kaya. Ban ga laifinsa ba. Amma bulon da ya tare ruwa ya tare ni ma. Kafin ka kai gare shi kuma sai ka tsallake lambatu, wanda a yawancin lunguna katako ɗaya aka gitta a kai, ko murfin simintin da ya rabe biyu. Mai ƙafa ya ɗaga ƙafa ya wuce, bai ma lura ba. Makafin majalisarmu kuwa kowannensu yana da tabo a ƙwauri da zai nuna maka. Idan damina ta kankama, akwai masu yin mako guda ba su leƙa masallacin unguwa ba.

Wannan kuka ya tsufa. Bukhari da Muslim sun rawaito cewa Itban ɗan Malik, sahabin da ganinsa ya yi rauni, ya gaya wa Manzon Allah (SAW) cewa idan an yi ruwa kwarin da ke tsakaninsa da masallacin mutanensa yana cika, ba ya iya tsallakawa. Annabi ya taka har gidansa tare da Sayyidina Abubakar, ya tambaye shi inda yake so a yi sallah a cikin gidan, ya yi a nan. Shugaba ne ya je ya ga wurin da idonsa.

Gangarar da gurgu zai hau da kekensa ba tare da an tura shi ba, ƙa'idarta sananniya ce: kowane inci 1 na tudu a ba shi inci 12 na tsawo. Dokin ƙofa mai ƙafa 1 ke nan yana buƙatar gangara mai ƙafa 12. A lungun da faɗinsa bai kai haka ba, ina za a shimfiɗa ta? Shi ya sa gyara bayan an gama gini yake wahala. Masu yin ta don a ce sun yi kuma sai su miƙar da ita kamar hawan Dala, su shafe ta da tayil mai santsi. Na taɓa kifewa da baya a kan irinta a ƙofar wani ofis, maigadi da masu wucewa suka tattara ni, ni da wayoyin mutane da na ɗauko. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Abin dariya kuma, kusan duk gidan da mai babur yake ciki a garin nan za ka tarar da 'yar siririyar gangara a tsakiyar matakala, an yi wa babur. Birkilolinmu sun iya ta ke nan. An tuna da babur, an manta da mutum.

Idan ka samu ka shiga, ƙofar ɗaki ƙafa 2 da rabi ce, ta banɗaki kuma sau da yawa ƙafa 2. Keken asibiti mai naɗewa faɗinsa ya haura ƙafa 2, ga hannun mai tuƙi a gefe. Abin da muke buƙata ƙofa mai ƙafa 3, da fili mai ƙafa 5 inda keke zai juya. Bambancin 'yan inci ne kawai, amma a kansu mutum yake sauka ƙasa.

Na biyu, kuma shi ya fi ci mana rai, banɗaki. A yi mini afuwa, magana ce da ba a saba kawowa gaban manya ba, shi ya sa ma ta daɗe ba a gyara ba. Ɗauki gidan haya mai ɗaki takwas ko goma, masai ɗaya na tsuguno, ƙasarsa ba ta bushewa daga asuba har dare. Kowa yana shiga da takalmi. Ni da tafin hannu da gwiwa nake shiga. Inda wani ya taka da ƙasan silifa, nan nake dafawa, da hannun da zan ci tuwo da shi. Kuma ni Musulmi ne, sau biyar a rana ake nemana da tsarkin jiki da na tufa. Shekara da shekaru ina da wando na musamman da nake ratayewa a ƙusa don shiga banɗaki kawai, in fito in wanke jiki, in sauya, sannan in yi alwala. Ranar da babu ruwa a gidan, sai dai Allah ya karɓa yadda ta samu.

Da yawa daga cikinmu dabarar da suka samu ita ce rage ci da sha. Mutum ya wuni da ƙishirwa a zafin Kano don kada fitsari ya matsa masa. Duk likita zai gaya maka ƙarshen wannan: ciwon mafitsara da na ƙoda. Ga masu lalurar laka abin ya fi muni, domin su dama cutar mafitsara da gyambon kwanciya su ne manyan abokan gabarsu, kuma jan jiki a jiƙaƙƙiyar ƙasa yana buɗe wa duka biyun ƙofa.

Saƙon mata a nan ya fi nauyi. Wata baiwar Allah ta ce a gaya maka ita sai dare ya raba, gida ya yi tsit, take jan jiki zuwa banɗaki, don kada mazan gidan hayar su gan ta a wannan hali. Da rana sai fo, 'yarta mai shekara 12 ce ke fitar da shi, shi ya sa yarinyar ba ta zuwa makaranta sai jefi-jefi. Da tana da juna biyu haka ta yi rarrafen nan da ciki wata tara. Ranar awo kuma samarin maƙwabta ake roƙo su ciccibe ta su tsallake da ita lambatu, alhali ba muharramanta ba ne. Ta ce wannan ɗaukar ta fi mata naƙuda ciwo. Mu da muke garin da ake tsare mutuncin mace da shamaki da labule, ya kamata wannan ya hana mu barci.

Kuma maganin ba wani abin a zo a gani ba ne. Masai na zama, ko kujera mai huda da za a ɗora a kan na tsuguno. Ƙarfen kamawa a jikin bango. Famfo a ƙasa-ƙasa inda hannun mai zaune zai kai. Daɓe marar santsi. Ƙofar da ke buɗewa waje, don idan mutum ya faɗi a ciki a iya kai masa ɗauki. Ƙarfen yana nan jibge a kasuwar Ƙofar Ruwa, mai walda kuma wuni ɗaya ya ishe shi.

Na uku, haya. Shekarar da na tashi yin aure na yi wata biyar ina neman ɗaki ciki da falo, da kuɗin shekara a aljihuna. A waya magana takan yi daɗi da dillali. Da ya hango ni a kan keke sai ɗakin ya zama an riga an kama jiya da daddare. Wani mai gida ne kaɗai ya yi mini gaskiya, ya ce ba ya so a mayar masa da ƙofar gida wurin bara. Ban taɓa bara ba, amma bai tambaya ba. Wani kuma ya yarda ya ba ni, da na nemi izinin faɗaɗa ƙofar banɗaki da kuɗina sai ya ce ba za a fasa masa gini ba. Sababbin gine-ginen bakin titi kuwa an san tsarinsu: ƙasa shaguna, sama gidajen kwana. Ko da an sa na'urar hawa bene, da irin wutarmu wa zai jingina rayuwarsa da ita? Ƙarshenta sai a gangara da mu bayan gari, unguwannin awon igiya, inda haya ke da sauƙi amma babu titi, sai yashin da tayar keke ke nutsewa a ciki. Daga can zuwa wurin sana'a sai shatar Adaidaita Sahu, domin keke yana cin kujerar mutum biyu. Abin da aka rage a haya ya tafi a kuɗin mota, har da ƙari.

Sauran 'yan'uwana buƙatunsu ba su kai namu tsada ba. Kurame, waɗanda da yawansu sanƙarau ne ya bar su haka, irin annobar 1996, ba sa jin sallama, ba sa jin ihun gobara a lokacin hunturu. Ƙararrawa mai kunna fitila ta ishe su. Makaho yana son rijiya mai murfi, matakala mai abin dafawa, da tsakar gidan da ba ta da tudu da kwari babu dalili. Zabiya yana son rumfa da inuwa. Uwar yaro mai lalurar ƙwaƙwalwa tana son tsakar gida mai ƙofa da za ta sake shi ya yi wasa, ba tare da fargabar kududdufin bayan gida ba. Rashin wannan ne yake sa wata ta ɗaure ɗanta da zani a ƙafar gado idan za ta ɗora tukunya, tana yi tana hawaye.

Na huɗu, gidajen da gwamnati ta gina da kuɗin jama'a. Kano ba baƙuwar wannan aiki ba ce: Kundila, Gwammaja, Zoo Road, Kabuga, Danladi Nasidi, sannan Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo. Hanyar mallakar irin waɗannan gidaje takan bi ta takardar albashi, ko kuɗi dunƙule, ko rancen banki. Asusun gidaje na ƙasa ma, wanda dokar 1992 ta kafa, an gina shi ne a kan cire kashi 2.5 cikin 100 na albashi. Yawancinmu ba mu da albashi. Masu ɗinki ne, masu gyaran takalmi da waya, masu saƙar tabarma da kujera, masu ƙera keken guragu. Muna da kuɗin shiga, muna adashi, muna biyan haya duk shekara ba fashi, amma babu takardar da za ta shaide mu. Wanda ya tsallake wannan kuma sai ya ci karo da kuɗin ruwa, ya ja da baya saboda addininsa.

Ranka ya daɗe, da gangan nake kiran abin nan jari. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya suka fitar a 2011 ya nuna cewa idan tun a zane aka sa waɗannan gyare-gyare, abin da suke ƙarawa a kan kuɗin sabon gini kusan kashi 1 ne cikin 100. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da ake asara idan ba a yi ba kuwa ya wuce lissafi. Duk naƙasasshen da gida ya kulle, mutum biyu aka cire daga nema: shi da mai jinyarsa, wadda galibi mace ce ko yarinyar da ya kamata tana aji. Tun daga 2013 gwamnatocin Kano suke ta fama da hana bara a titi. Mutumin da zai iya fita da kansa da safe ya dawo da kansa da yamma, ko yake da ɗan shago a jikin gidansa, ya riga ya yi rabin sallama da bara ba tare da Hisbah ta bi shi ba.

Kuma ba mu da kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya suna da wata naƙasa mai nauyi. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum sama da miliyan 9. Ko rabin wancan kaso aka ɗauka a kan wannan tsohon adadi, an haura mutum 700,000. Kano kuma tana da nata tarihin. Nan ce ta daɗe tana cibiyar shan inna a ƙasar nan, nan aka dakatar da rigakafi daga 2003 zuwa 2004. Alhamdu lillahi, rabon jihar da samun yaron da ainihin ƙwayar cutar ta kama tun Yulin 2014 a Sumaila, a 2020 kuma aka tabbatar Afirka ta rabu da ita. An yi murna, an kuma cancanci yi. Amma yaran da ta kama a waɗancan shekaru yanzu su ne samari da 'yan matan da ke neman ɗakin aure. Cutar ta tafi ta bar mu da su, su kuma da dokin ƙofa.

Ƙofar shiga cikinmu kuma a buɗe take. Asibitin Ƙashi na Dala tun 1959 yake karɓar waɗanda hanya ta karya. Ga shanyewar ɓarin jiki da hawan jini ke kawowa, ga ƙafar da ciwon suga ke sa a yanke, ga tsufa. Direban majalisarmu da guminsa ya gina gidansa, ya sa matakala huɗu a ƙofa don gidan ya yi kwarjini. Yau sai an samu ƙarti biyu yake ganin titi. Ya ce da birkila ya ba shi shawarar gangara a lokacin, da ya ce masa mugun fata yake yi masa.

Kafin in zo ga buƙatu, akwai abin da muke roƙo kada a yi. Kada a yanki fili a bayan gari a gina mana unguwar guragu. Mun san tarihin irin wannan zama, daga unguwar makafi ta yankin Dala, zuwa zaman kutare a kewayen Yadakunya, zuwa Karmajiji a Abuja. Ba na zagin waɗannan wurare, sun rufa wa mutane asiri lokacin da babu mai so, kuma sarakunan makafi da na guragu da na kutare sun riƙe jama'arsu da mutunci. Amma unguwar da kowa a cikinta yake buƙatar a ɗauke shi, wa zai ɗauki wani ranar gobara? Kuma yaron da ya tashi a can sunan unguwar yake bin sa har wurin neman aure. Muna so mu zauna cikin mutane, maƙwabcina malamin makaranta, na gaba da shi mahauci.

Ga abin da muke nema, Mai Girma Gwamna.

A duk rukunin gidajen da gwamnatin jiha za ta gina, ko ta ba da filin gina shi, a ware aƙalla kashi 5 cikin 100 a gina su da cikakken tsarin da na bayyana, a hawan ƙasa, a warwatse cikin sauran. Ban ƙirƙiri adadin ba, shi ne kason da dokar tarayya ta ware mana a guraben aikin gwamnati, na aro shi ne. Sauran gidajen hawan ƙasa kuma a yi musu abu biyu da ba sa cin komai: mashiga ɗaya marar matakala, da ƙofofi masu ƙafa 3. Muna kuma roƙo a sa ma'aikata su zagaya rukunan da ake da su, su ƙirga gida nawa ne keke zai shiga daga titi har banɗaki, a bayyana wa jama'a adadin.

KNUPDA ta sa wannan cikin sharuɗɗan amincewa da zanen rukunin gidaje da manyan gidajen haya. Sai dai mu faɗa wa juna gaskiya, yawancin gidajen Kano ba su taɓa ganin mai zane ba. Mai gida ne da birkila suke tsayawa a fili su ja layi da ƙafa. Don haka a buga ɗan littafi da Hausa, da boko da ajami, mai hotuna da awo, a raba wa birkiloli da kafintoci da masu walda ta hannun ƙungiyoyinsu, a kuma yi bayaninsa a rediyo. Jami'ar Bayero tana da sashen zanen gine-gine, tana da sashen ilimin masu buƙata ta musamman. A haɗa su su fitar da zanen gida mai sauƙin kuɗi da zai zauna a ƙaramin fili, a bar shi kyauta ga duk mai so.

Wanda zai fi saurin taɓa rayuwar mutane shi ne asusun gyaran gidajen da muke ciki yanzu. Yawancinmu ba sabon gida muke jira ba. Buhun siminti kaɗan, ƙofa ɗaya, masai ɗaya, ƙarfe biyu, an gama. Masu unguwanni sun san kowane gida da naƙasasshe yake ciki, a bi ta hannunsu. Aikin ƙarfen kuma a ba guragun da ke ƙera kekuna a garin nan, sun fi kowa sanin awon. Haka nan duk kwangilar titi ko magudanar ruwa a rubuta a ciki cewa ɗan kwangila zai rufe lambatu da murfi mai faɗi a ƙofar gidaje, kada aikin raya unguwa ya zama shi ne ya kulle wani a ɗaki. Jihar da ta iya gadar sama a Ƙofar Nassarawa da Dangi ba za ta gaza murfin kwata ba.

Batun kuɗi, dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha amana a hannun gwamna, fili ke nan ba zai gagara ba. Hukumar Zakka da Hubusi tana nan tun 2003. A buɗe mata babin gidajen waƙafi, a kira attajiran Kantin Kwari da Singa da Dawanau a nuna musu cewa gina ɗakin da gurguwa za ta shiga banɗaki da mutuncinta sadaka ce mai gudana. A fito da tsarin haya har zuwa mallaka marar kuɗin ruwa, wanda zai karɓi shaidar biyan haya da ta adashi a madadin takardar albashi. Jihar Osun ta gina makarantu da sukuk, wato hanyar tara jari ta Musulunci marar kuɗin ruwa, a 2013, wannan hanya kuma ba ta fi ƙarfin Kano ba. Zan kuma faɗi laifinmu da bakina: akwai waɗanda a cikinmu ake ba keken ɗinki da safe, da yamma yana kasuwa. Don haka a sa sharaɗin cewa gidan ba ya sayuwa sai bayan shekaru masu yawa, idan kuma za a sake shi, wani naƙasasshen za a ba. Kada kuma rabon ya bi ta katin jam'iyya. Shan inna ba ta tambayi jam'iyyar ubana ba.

Majalisa kuma muna roƙonta ta fayyace a doka cewa hana mutum haya saboda naƙasarsa laifi ne, kuma ɗan haya yana da damar yin ƙaramin gyara da kuɗinsa bisa yarjejeniya da mai gida. A faɗi ofishin da za a kai ƙara, ya kasance kuma a hawan ƙasa yake.

Na ƙarshe, duk kwamitin da za a kafa a kan wannan a zaunar da mu a ciki tun ranar farko, maza da mata, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kada a biya ɗan kwangila kuɗin ƙarshe sai gurgu ya shiga gidan da kekensa shi kaɗai, daga titi har banɗaki ya fito, makaho kuma ya zagaya shi da sandarsa.

Idan Mai Girma Gwamna ya samu sarari wata Juma'a bayan la'asar, muna gayyatarsa, ko ya turo injiniya ɗaya da tef ɗin awo. Zan ba shi aron kekena daga bakin titi, ya gwada kai kansa ƙofar ɗakina. Tafiyar ba ta kai taku arba'in ba.

Allah ya ƙara wa Mai Girma Gwamna lafiya, ya zaunar da Kano lafiya.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Wani mai gyaran waya, a madadin 'yan majalisar Juma'a,
Birnin Kano.